Karen da Habboba Kulu Ta Tarar a Gida

"…lafiya ƙalau muka wuni, sai dai yunwar gumba. Ashe har yanzu kina numfashi, tsohuwa?"

"Ina numfashi, ina kuma shan jabanata. Shigo, mijin banza. Mai jiran gumbata sai haƙoransa sun zube."

Muhyiddeen ke nan da kakarsa, Habboba Kulu; habboba ita ce kaka a Larabcin Sudan. Ni kuwa, Shitu magini, wanda suke kira Usta, ina kan durom ina ɗora jan bulo a katangarsu da yaƙi ya ɓare. A unguwar Aljirif ne, cikin Khartoum, bayan azahar. Yawancin gidajen layin ba ƙofa ba taga, masu su ba su dawo ba. A gefen hanya akwai tudun ƙasa nan da can, kowanne da bulo a tsaye a kansa. Ba a tambayar ko mene ne.

Tsohuwar tana zaune a inuwar dalbejiya, wani jan kare mai yagaggen kunne ya miƙe a gabanta. Tana cire masa kaska tana jefawa cikin garwashin da take dafa jabana, wato gahawa. A cikin gidan suka tarar da shi ranar da suka dawo daga gudun hijira a Gadarif. Yau kuma 'yan kwamitin unguwa za su zaga da bindiga bayan la'asar. Duk karen da ba komai a wuyansa, kuma ba wanda ya tsaya ya ce nasa ne, harbi ne. Kowa ya san abin da karnukan Khartoum suka ci lokacin da mutane suka gudu.

"Ina sarƙar?" in ji ta.

"Wace sarƙa? Ta lefe? Ai na ba ki tun kina da haƙora."

"Sarƙar wuyan kare, mai 'yar ƙararrawa. Tun safe na aike ka Kasuwar Umdurman wajen maƙera. Ka haye ruwa ka dawo min hannu na dukan cinya?"

"Maƙeran sun ce ba sa ƙera wa aljani sarƙa."

"Sun ce haka don sun ɗauka kai za ka sa."

Ya ajiye leda a gabanta. Ta buɗe. Ga gahawa, ga citta, ga ƙullin nama, ga wani ɗan ƙulli a takarda.

"Nama? Kai? Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ƙaramin fa?"

"Yaji ne."

Ta kai shi hanci, ta mayar. "Yajin ɓera."

"Ya fi bindiga, tsohuwa. Ba ƙara, ba jini a tsakar gida. Ya ci ya kwanta, shi ke nan."

"Ka ji mijin da Allah ya haɗa ni da shi. Cefanensa na farko a duniya, guba. Ya-fi-wani, ka ji abin da aka sayo maka?"

Karen ya ɗaga kunnensa mai lafiya.

"Ki daina kiran sa da sunan nan. Wa ya fi?"

"Na kama suna? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Kare ne fa. Najasa. Kina salla kina cire kaska."

"Ina wanke hannuna. Kuma karen gadi ne, malamai sun yarda. Ka taɓa ganin ya taka inda nake salla? Ka taɓa ganin ya sa baki a tulu? Kai kuwa sau nawa na kama ka kana shan ruwa da moɗa kana mayar da saura?"

"Ina ɗan shekara biyar!"

"Hali zanen dutse. Duba nan."

Ta zuba ragowar kisra, wainar garin dawa, da miya a kwanon karen, ta tura masa. Bai motsa ba. Yawu yana zuba, yana kallon ta. Sai da ta ce bismillah sannan ya sa baki.

"Ka gani? Kai shekara talatin ina koya maka, har yau hannunka yana riga bakinka. Ga shi ya fi ka jin Hausa. Kai in an yi maka magana sai ka amsa da Larabci kamar ɗan sanda."

"To gobe ki kai shi jami'a ya karanta Shari'a."

"Da ya riga ka gamawa."

"Ki ɗaura aure da shi mana, ni in huta."

"Shi yana kwana a ƙofata. Kai kana kwana kana minshari har tsuntsaye suna barin bishiya."

Muhyiddeen ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya tsuguna nesa da karen.

"Wa ya koya masa?"

"Ni."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da muka dawo, kika ce bismillah za ki shiga gida, ya tashi ya nufi kwano. Ina tsaye. Da karatunsa kika same shi. Wani ya koya masa, kuma wanin nan ba ya layin nan yanzu. Ina yake?"

Ta jefa kaska a wuta, ta fashe.

"Kuma dubi jikinsa. Mu da muka je Gadarif muka rame. Shi da ya zauna a nan ko haƙarƙarinsa ba a gani. Me ya ci?"

"Ɓera. Kifin bakin kogi. Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin ci."

"Na zauna a garin nan farkon yaƙi, kafin in biyo ku. Na bi hanyar Kalakla da ƙafa. Na ga karnuka, wasu har da sarƙa a wuya, karnukan gida masu suna. Ba ɓera suke ci ba."

Na daina buga bulo. Ba iska. Ko kukan jaki babu a unguwar.

"Jiya Duha tana barcin rana a tabarmar nan," ya ce. Duha 'yarsa ce, ba ta wuce goyo da yawa ba, yau tana wajen dangin uwarta. "Na fito na tarar ya sa hancinsa a bakinta. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi."

"Ni ma yana yi min. Duk wanda ya kwanta sai ya yi masa. Tambayi Usta Shitu."

Gaskiya ne. Na taɓa kishingiɗa a gindin katangar, na farka da hanci mai sanyi a leɓena. Da na ja numfashi sai ya juya ya tafi abinsa. Ban ji daɗin abin ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Ban san ta gani ba.

"Wanda maciji ya sara," in ji tsohuwar, "ko tsumma ya gani sai ya ruga."

"Ba tsumma na gani ba, Habboba."

Ta dube shi. Ba kullum yake kiran ta da wannan sunan ba.

"To gani ya kori ji. Kullum kana tambaya yaushe zan mutu. Yau zan mutu maka."

Ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗaki. Ta fito da farin ƙyalle a naɗe da wata 'yar kwalba. Tun daga kan durom na ji ƙamshin kafur. Likkafaninta ne. Marigayi mijinta ya kawo mata daga Makka, an tsoma shi a Zamzam. Ranar gudu ta bar tukwanenta da zannuwanta, shi ta ɗaura a ƙugu.

"Hajja," na ce, "ba a wasa da wannan."

"Usta, kai ba ka gwada bulo kafin ka sa masa laka? Yi aikinka. Kai kuma jawo min angarib tsakiya."

Angarib gadon igiya ne. A kansa ake haihuwa a ƙasar nan, a kansa ake barci, a kansa ake kai mutum kabari.

"Ga sharaɗi," ta ce. "Zan kwanta kamar waɗanda ka gani a hanya. In ya taɓa ni da haƙori, ka ba shi yajinka da hannunka, ga gumba kuma ka samu. In bai taɓa ni ba, ya zama karenka, ba nawa ba. Kai za ka tsaya a ƙofa ka faɗa wa masu bindiga."

"Karen nake tausayi. Ya ciji wannan busasshiyar ganda ai haƙoransa sun tafi."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Jawo gado."

"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, tsohuwa."

"Wa ye makahon? Ni na ga Nilu tun ba a yi rabin gadojin nan ba. Jawo!"

Ya jawo, amma ya ɗauki rabin bulo ya riƙe. Ta yayyafa turaren, ta kwanta, ta miƙe ƙafafu, ta ja ƙyallen har wuya.

"Rufe min fuska. Kuma ban da kukan ƙarya."

"Kuka? Guɗa zan yi, sai an ji a Kalakla."

Ya rufe ta, ya ja da baya.

Karen ya bar kwanonsa da sauran abinci a ciki. Ya ɗaga hanci. Gashin bayansa ya miƙe. Ya zo a hankali, Muhyiddeen ya ɗaga bulon. Amma bai je bakinta ba kamar yadda ya saba. Ya zaga gadon, kansa a ƙasa. Sannan ya juya mata baya, ya tsaya wajen ƙafafunta yana fuskantar ɓarakar katangar da ban gama rufewa ba. Ya saki wata ƙara daga ciki, doguwa, ba haushi ba, ba kuka ba.

Daga kangayen bayanmu wasu karnuka suka amsa.

Ban san da su a kusa ba. Sai ga kan wani kare ya leƙo ta ɓarakar, ƙasa da ƙafata. Sai wani. Ramammu ne, idanunsu ba sa kan mu, suna kan farin ƙyallen. Ba su yi haushi ba. Na farkon ya sa ƙafa cikin gidan.

Ya-fi-wani ya tafi kamar an harba shi. Ƙura ta tashi, aka yi kururuwa, baƙin suka watse cikin kango. Bai bi su ba. Ya dawo da jini a kafaɗa, ya tsaya daidai inda ya bari.

Muhyiddeen ya sauke bulon.

"To shi ke nan. Tashi, tsohuwa, mun gani."

Shiru.

"Na ce tashi. Rana za ta soya ki, kuma ba mai."

Ya taka zai je gadon. Karen ya juyo ya yage masa baki. Tun da suka dawo bai taɓa nuna wa ɗan gidan haƙori ba. Muhyiddeen ya zaga ta kai, karen ya zaga. Ya dawo ta ƙafa, karen ya riga shi.

"Ki faɗa wa angonki ya matsa! Tsohuwa! Wasa ya ƙare!"

Na duba ƙyallen da kyau. Ban ga yana ɗagawa ba. Wani ƙuda ya sauka daidai hancinta, ya zauna. Matar nan tana da ciwon suga, ga zafi, ga kafur ya cika wurin.

"Zan sayo miki haƙoran zinariya. Zan kai ki Umdurman a mota, gidan gaba. Ki tashi. To na sake ki! Kin ji? Na sake ki, tashi ki yi idda!"

Ko yatsa bai motsa ba.

"Habboba. Habboba, don Allah."

Na diro daga durom na ɗauki shebur, niyyata in kore karen. Yana ganin shebur ɗin ya rufe baki. Ya kaɗa wutsiya. Ya matsa gefe ya ba ni hanya.

Na tsaya cik. Na daɗe ina aiki, ban taɓa ganin kare ya yi wa kayan aikina maraba ba. Na miƙa wa Muhyiddeen.

"Riƙe. Kakarka ce."

Ya karɓa. Karen ya bar shi ya wuce. Sannan ya tafi gindin katanga inda ƙasa ke da laushi, ya fara tono da ƙafafun gaba. Ya tona, ya waiwayo ya dubi mai shebur, ya ci gaba.

Mun ga tudun ƙasar da ke gefen hanya. Wani ne ya zauna a layin nan da shebur bayan kowa ya gudu, kuma ba shi kaɗai yake aikin ba. Yana binne matattu, karen nan yana tsare masa su har ya dawo da shebur.

Muhyiddeen ya tsaya a kan kakarsa, shebur a hannu ɗaya. Ya ɗaga ƙyallen. Idanunta a rufe, baki a ɗan buɗe. Ya sunkuya ya kai fuskarsa kusa da bakinta.

"Ashe kai ma shinshina kake," ta ce. "Ɗauka za ka yi?"

Ya zube a ƙasa daɓas.

"Kuma da shebur ka zo min, ɗan banza? Ko wanka ba a yi min ba? Wannan wace irin gaggawar gado ce?"

"Allah ya isa tsakanina da ke." Yana dariya, yana share fuska da hannun riga. "Me ya hana ki amsawa?"

"Ka taɓa jin gawa ta amsa? Kuma na ji sakin. Usta shaida ne."

"Na mayar da ke."

"Sai da sabon lefe. Haƙoran zinariya, gidan gaba a mota. Kunnena bai mutu ba."

"Na ɗauka kin tafi, wallahi."

Ta tashi zaune, ƙyallen ya zame zuwa cinyarta. Ta dubi karen.

"Daɗi na ji," ta ce. "Tun da muka dawo garin nan ban kwanta na saki jiki ba sai yanzu."

Karen bai daina tono ba. Ramin ya kai gwiwarsa, farcensa ya fara jini.

"Ya-fi-wani, bari. Zo nan. Ga ni, ban mutu ba."

Ya ɗago ya dubi gadon, ba ita ba, kamar ba kowa a zaune. Ya koma tono. Ta naɗe likkafanin ta tura ƙarƙashin cinya. Ta buga kwanonsa da cokali, ta ce bismillah. Bai waiwayo ba.

"Ba ya ganin ki," in ji Muhyiddeen a hankali. "A wurinsa kin riga kin tafi."

"Rufe min baki." Amma ta sauko da ƙafafunta ƙasa da sauri, ta bar gadon.

Can wajen bakin kogi bindiga ta tashi, sau ɗaya. An fara.

Ni abin da na sani shi ne kowane aiki yana da yadda ake rufe shi. Magini yana wanke cokalinsa. Mai binnewa kuma yana ɗaga hannu. Na kwantar da shebur ɗin a ƙasa, na buɗe tafukan hannuna.

"Alfatiha."

Suka ɗaga nasu. Tsohuwar ta ce, "Ga mai shebur ɗin, ko wane ne shi, da duk waɗanda ke gefen hanyar nan."

Tonon ya tsaya. Karen ya fito daga ramin, ƙasa har hancinsa, ya zauna yana kallon hannuwanmu. Da muka shafa a fuska sai ya girgiza jiki, ya je ya sha ruwa, ya zo ya shinshina ƙafar tsohuwar, ya kwanta a kai.

Bindiga ta sake tashi, wannan karon a layin bayanmu. Muka ji muryoyin maza da takun takalma.

"To, maigida," in ji ta, "ga baƙinka. Ina sarƙa? Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kai ko gorar ba ka sayo ba."

Muhyiddeen ya duba tsakar gidan. Igiyar shanya an sace ta tun lokacin yaƙi. Igiyar awona ba ta ɗaure ko kaza. Ya dubi karen, ya dubi ƙofa. Sai ya zare bel ɗin wandonsa.

"Usta, ƙusa."

Na ba shi. Ya ɗora bel ɗin a kan bulo ya huda sabon rami. Ya tsuguna. Hannunsa ya tsaya a sama kaɗan kafin ya taɓa wuyan, sannan ya taɓa. Karen ya lumshe ido. Ya ɗaura, ya sa yatsa biyu ya gwada kar ya shaƙe shi.

"Raunin kafaɗar nan yana son ruwan gishiri," ya ce, bai dubi kowa ba. "Kuma gobe a kai shi allura."

"Ka ji uban kare."

Aka buga ƙofa da gindin bindiga. Ya miƙe, wandon ya nufi ƙasa, ya cafke shi. Hannu ɗaya a wuyan kare, ɗaya a ƙugu, haka ya tafi yana jan ƙafa.

"Salamu alaikum, mutanen gida! Akwai kare a nan?"

"Akwai," ya ce. "Nawa ne."

"Ɗaga murya, ango!" in ji tsohuwar daga bayansa. "Ka kuma ɗaga wando, kar su harbe abin da ba su zo nema ba!"

Ya jingina goshinsa da ƙofar yana dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Kin ci, tsohuwa. Kin ci ni, kin ci bel ɗina. Ki bar min wandon."